Su a Tafkin Madarunfa: Watannin da Kifi Ba Shi da Maɓoya

Daga ƙarshen watan Fabrairu, idan ɗari ya fara sassauci kuma hazo ya ɗaga, tafkin Madarunfa yakan shiga lokacin da masunta suka fi so. Ruwa ya ja da baya, ya bar laka tana tsattsagewa a gefe, masu lambu sun bi sawunsa da shuka. Kifin da ya bazu cikin ciyawa da fadamu tun damina ya dawo ya cunkushe a ɗan zurfin da ya rage. Sanyin da ya kashe masa jiki ya wuce, yunwa ta taso masa. Wanda ya jefa birgi ko ya ɗana ƙugiya a irin wannan lokaci, da wuya ya koma gida hannu rabbana. Sai dai kifin da ake kwasa a Maris da Afrilu da Mayu shi ne wanda ya tsallake tarun kaka da na ɗari, shi ne kuma ake sa ran zai zuba ƙwai idan ruwa ya sauka. Wato lokacin da kamu ya fi sauƙi shi ne lokacin da ya fi ɓarna.

Kafin a yi maganar kifi, sai an san ruwan da yake ciki. Madarunfa na kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, kuma tafkinta shi ne ruwa mafi girma da ke kwana shekara a jihar. Idan ya cika yakan kai hekta 800, amma ba shi da zurfin kirki, 'yan mitoci ne kawai a tsakiya. Ba daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa ba. Abin da damina ta ba shi ta hanyar Gulbin Gabi da ambaliyar Gulbin Maraɗi, shi zai riƙa ci har wata daminar. Gulbin Maraɗin kansa baƙo ne mai wucewa: daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Watanni kaɗan yake gudu a shekara, saura kuwa yashi ne da amalanke ke bi ta kai. Tsofaffin Maraɗi na tuna cewa wannan gulbi da yara ke ƙwallo a cikinsa da rani shi ne ya cinye tsohon gari a 1945, har aka tashi aka koma kan tudu.

Ruwan saman yankin bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba a shekara, rana da iska kuwa suna iya shanye abin da ya kai mita 2 daga fuskar buɗaɗɗen ruwa. Wanda ya haɗa waɗannan alƙaluma biyu ya san dalilin da ya sa bakin tafkin ke tafiya kowace rana a bazara, har wurin da aka ɗaure jirgi a watan Janairu ya zama hanyar shanu a watan Mayu.

Duniya ta san da wurin. A 2006 Nijar ta sa dajin Madarunfa da tafkin da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma tafkin ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, saboda kifinsa da tsuntsayen da ke zuwa cin rani daga Turai. Masu ziyara na zuwa daga Nijar da Najeriya neman tubarraki. Duk wannan daraja ce, amma takardar Ramsar ba ta taɓa hana taru mai ƙaramin ido shiga ruwa ba.

Kifayen tafkin ba halinsu ɗaya ba, kuma nan ne batun lokaci yake. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ita ce ta fi yawa a kwandon masunci. Kifin zafi ce. Idan ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 20 sai ta rage ci, ta lafe a ƙasa, shi ya sa mai fatsa ke shan zaman banza a watan Janairu. Da ruwa ya ɗumama sai namiji ya nemi wuri marar zurfi ya share ƙasa da bakinsa, ya yi ɗan rami zagayayye. Macen ta zuba ƙwai a ciki, ta kwashe su a baki, ta riƙe su har su ƙyanƙyashe, mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin komai. Duk wanda ya saba shiga jirgin su ya ga wannan: a jefo karfasa cikin jirgi, tana shure-shure, sai ta amayar da ɗaruruwan 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar gero, suna motsi a ɗan ruwan da ya taru tsakanin katakai. Masunci ya ƙirga kifi ɗaya. Abin da ya fita daga tafkin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Tarwaɗa kuwa jiran ruwan farko take. Tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, don haka ko ruwa ya zama kunun laka tana nan da ranta, ta ɗago baki ta ja numfashi ta koma. Cikinta na cika da ƙwai tun a bazara, amma ba ta zubarwa sai sabon ruwa ya hau ciyawa. A daren da gulbi ya kawo, sai ta bi shi zuwa fadama ta watsa dubban ƙwai a jikin ganye, ta juya ba ta waiwaya ba. 'Ya'yan su girma a cikin ciyawa inda abinci yake da yawa, manyan kifaye kuma ba sa iya shiga. Saboda haka tarwaɗar da aka kama a Mayu da ciki ɗam, duk daɗinta a miya, zuriyar damina guda ce aka dafa.

Gaiwa ta fi su duka dabara. Idan ta ga ruwa zai ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi har ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Haka za ta kwanta watanni. Hausawa na cewa gaiwa jikinta take ci, kuma masu binciken halittu sun tabbatar da hakan: naman jikinta take narkarwa a hankali har ruwa ya dawo. Masu neman ta da rani sukan bi busasshiyar laka suna duban wannan kafa, su tona da fartanya. Sai giwan ruwa da ragon ruwa da ƙurungu. Giwan ruwa shi ne ɗan gata, shi ke da tsada a kasuwar Maraɗi, shi ne kuma farkon wanda ke galabaita idan ruwa ya yi ƙasa ya yi zafi, don yana son zurfi da ruwa mai iska.

A wani ɓangaren duniya akwai masu kamun kifi da suka mayar da sanin lokaci tamkar ibada, kuma akwai abin dubawa a lamarinsu. A ƙasashen sanyi irin Faransa da Ingila da Amurka akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki da ake kira turawut, wanda ke zaune a ƙoramun duwatsu masu sanyi da gudu. Shi kishiyar karfasa ne: ruwa ya haura digiri 20 ya fara wahala, ya kai 25 ya mutu. Shi ya sa ba a samunsa a ƙasar Hausa, ko a Afirka ma sai a tsaunuka masu sanyi irin na Kenya da Lesoto da Afirka ta Kudu, inda Turawa suka kai shi tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Masu kamunsa da yawa ba sa soka tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare suke ɗaurawa a jikinta har ta yi siffar ƙwaron da ke tashi daga ruwa a wannan makon. Ƙudan ƙaryar ba shi da nauyin da za a jefa, don haka igiyar ce mai nauyi, a kaɗa ta gaba da baya a iska, a sauke ƙudan a hankali a gaban kifi ya bi ruwa kamar na gaske. A farkon bazararsu, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ruwa na da sanyi ƙwarai, kifin na kwance a ƙasa ba ya son motsi. Gwani ba ya sammako. Yakan bari sai rana ta take, ya ɗaga dutse a cikin ƙorama ya ga irin tsutsar da ke ƙarƙashi, ya ɗaura mai kama da ita wadda ke nutsewa. Da yawansu in sun kama sai su cire ƙugiya su saki kifin.

Wannan na ƙarshe masuncin Madarunfa zai ji shi ya yi dariya, kuma yana da gaskiya, don wanda ke neman cefane ba ya wasa da kifi. Sanin halin kifi kuwa ba Bature ne zai koya masa ba. Yaron da ke zaune da sandar fatsa a bakin tafki, idonsa a kan ɗan guntun karan da ke yawo a ruwa, ya san tarwaɗa tana son tana da hanjin kaza da dare, ya san karfasa na taruwa inda aka watsa dusa, ya san daren da shinge ya fito kifi na hawowa sama. Ya san inuwarsa ba ta faɗa wa ruwa, don kifi na ganinka, mai jar koma. Abin da ya kamata a duba a wurin waɗancan mutane shi ne kalandarsu. Turawut na zuba ƙwai a cikin tsakuwa tsakanin Nuwamba da Janairu. Saboda haka a Faransa ana rufe ƙoramunsa tun watan Satumba, ba a buɗewa sai Asabar ta biyu a watan Maris, kuma a yawancin wurare wanda bai kai santimita 23 ba dole a mayar da shi ruwa. Sun duba lokacin haihuwar kifinsu suka ɗora doka a kai. Su a Maris kifinsu ya gama haihuwa. Mu a Maris namu yana shirin farawa. Wanda ya kwaikwayi watan ya yi asara, hikimar ce abin ɗauka.

Hikimar ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sarautar Sarkin Ruwa ta daɗe, kuma babban aikinsa shi ne faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da za a fita. A ƙasar Kabi akwai gyaran ruwa da fashin ruwa, ba mai jefa koma a manyan guraben kifi kafin a yi su. A bikin Argungu da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta amince da shi a 2016, mutane na kallon dubban masu koma da gora suna rugawa cikin Matan Fada, suna mamakin girman giwan ruwan da ake fitowa da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wurin a rufe yake sauran watannin shekara. Haka tafkuna da dama suke a da: a bar su har bazara, a sa rana, gari ya fito a yi su na yini ɗaya ko biyu, a tashi. Koma da gora ba sa share ruwa. Mai ninƙaya a kan gora, duk gwanintarsa, abin da ya kuɓuce masa ya fi abin da ya kama.

Kayan aikin ne suka canja. Tarun da, na zaren auduga ko na rama, mutum ne ke saƙa shi da hannu, yana da nauyi, yana ruɓewa, kifi na ganinsa. Na yanzu na roba ne, siriri, ba ya ruɓewa, a ruwa ba a ganinsa, kuma ana sayensa a kasuwa da arha. Kalli yakan kwana a shimfiɗe, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi na jere a ƙasa, gura na nutse da dusa a ciki, birgi na sauka da dalmarsa daga safe zuwa yamma. Ba ɗaya daga cikinsu da yake laifi a kan kansa. Girman idon taru ne magana. Masunta da yatsu suke auna shi: mai yatsa huɗu, mai uku, mai biyu. Idan kifi ya ragu, mai taru huɗu sai ya ga bai kama komai ba, ya sayi uku. Maƙwabcinsa ya ga haka ya sayi biyu. Ba a daɗe ba sai a ga gidan sauro a cikin ruwa, abin da ake kuka da shi a tafkuna da dama na Afirka. Kowa na da hujja, don in ka bar ƙaramin kifi wani ne zai kwashe shi kafin azahar. Karfasa kuma tana da wani hali da ke ruɗar mutane: idan aka matsa mata, sai ta fara haihuwa tun tana 'yar ƙarama. Sai kwando ya ci gaba da cika, a ce ai kifi na nan, alhali wanda a da guda uku ke cika faranti yanzu sai an tara goma.

Dokar kamun kifi da Nijar ta kafa a ranar 7 ga Disamba 1998 ta wajabta lasisi, ta haramta guba da abubuwan fashewa, ma'aikatan gandun daji ne kuma ke sa ido. Akan zuba 'ya'yan kifi a tafkunan ƙasar lokaci zuwa lokaci don a farfaɗo da su. Zuba kifi abu ne mai kyau, yana kuma da daɗin ɗauka a hoto, amma idan aka zuba yau aka bar taru mai yatsa biyu gobe, an ciyar da masu suya ne kawai na 'yan makonni. A tafkin Kainji na Najeriya sai da aka kai ga haramta dala, babban tarun da ake ja zuwa gaɓa, a ƙarshen shekarun 1990, saboda yadda yake kwashe 'ya'yan kifi. Darasin da aka koya a can shi ne hani ba ya tsayawa sai sarakunan ruwa da masuntan kansu sun sa hannu, don ba hukumar da ke da ma'aikacin da za ta ajiye a bakin kowane jirgi da asuba.

Zai zama rashin adalci a ɗora komai a kan masunci. Akwai abubuwa biyu da suka fi ƙarfinsa. Na farko madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1980 a kan Gulbin Maraɗi, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. Madatsa ruwan farko take fara riƙewa har ta cika, ruwan farkon nan kuwa shi ne wanda tarwaɗa ke jira. Idan ambaliya ta makara ko ta zo a taƙaice, kwanakin da 'ya'yan kifi za su yi a cikin ciyawa sun ragu. Nijar da Najeriya sun sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a 1990 don raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na wannan gulbi, kuma suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai. Idan ana irin wannan zama, noman rani da ruwan sha ake fara lissafawa, kifi sai in an tuna. Na biyu yashi. Itacen da ake sara a dajin Baban Rafi da kewaye don girkin Maraɗi, da gonakin da suka gangaro har bakin gulbi, duk suna sakin ƙasa, ruwa ya kwaso ta ya sauke a tafki. Kowace shekara gindin tafkin na tasowa. Ruwa marar zurfi ya fi saurin zafi, ya fi saurin ƙafewa, ya fi sauƙin sharewa da taru.

To, wane lokaci ya kamata a bar ruwan ya huta? Amsar da aka fi bayarwa ita ce damina, kuma ba a cika jayayya da ita ba. Dalilin da ya sa ba a jayayya kuwa shi ne ba ta da ciwo. Masuncin Madarunfa manomi ne. Daga Yuli zuwa Satumba yana gonar gero, ruwa ya yi yawa, kifi ya bazu cikin ciyawa, ko an ce ya shiga ba abin kirki zai samu ba. Rufe tafki a lokacin tamkar hana mai azumi cin abincin rana ne. A ganina watannin da ke buƙatar kariya su ne Afrilu zuwa saukar gulbi, lokacin da iyayen kifi ke matse a wuri ɗaya. Ba sai an rufe tafkin duka ba. A ware zurfin tsakiya, a kafa masa alama da kowa zai gani, a ce nan ba kalli, ba mamari, ba birgi har sai ruwa ya kawo. A bar gefe ga mai fatsa da mai neman na miya. A tsaya kan idon taru da ba zai gaza yatsa uku ba, a fara bincike tun daga wurin mai sayar da taru a kasuwa, don ya fi sauƙin samu a kan mai jirgi a tsakiyar ruwa da duhu.

Wahalar ita ce waɗannan watanni su ne rumbu ke ƙarewa, hatsi ya yi tsada, ga kuɗin iri da na taki ana nema. A lokacin ne ɗan kifin nan ke riƙe gida. Ba masunci kaɗai ba: akwai matar da ke suya a bakin hanya, akwai mai banda da ke tsaye a kan hayaƙi tun dare yana juya tarwaɗa, akwai ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar kwando zuwa Maraɗi kafin rana ta ɓata shi. Ga kuma kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga bakin teku, wanda ke danne farashi, ya sa mai kifin tafki sai ya ƙara yawa kafin ya sami abin da yake samu a da. Idan dattijon masunci ya ce wa ɗansa, "Kai yaro, mayar da wannan, mai ciki ce," amsar da yakan samu ita ce, "Baba, Alhaji na jira a bakin ruwa."

Alhajin nan shi ne mai sari, kuma sau da yawa shi ya ba da kuɗin tarun, wani lokaci har da na jirgin, bisa sharaɗin a riƙa biyansa da kifi. Masuncin da ake bin sa bashi ba shi ke da ikon cewa yau ba zai shiga ruwa ba. Saboda haka duk zaman da za a yi kan hutun tafki, in aka tara Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta da ma'aikatan gandun daji da magajin gari aka bar masu sari a waje, an yi zaman shan shayi. Sai sun zauna a kan tabarmar, sun yarda a ɗage biyan bashin taru daga Afrilu zuwa kaka, lokacin da sabon kifi ya tasa kuma gero ya shigo gida. Ba alfarma ake nema a wurinsu ba, don kwandon karfasa manya ya fi kwando uku na 'yan ƙanana kuɗi a kasuwar Maraɗi, kuma su suka fi kowa sanin haka.